Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Linux Za Ta Iya Yi Min Aikina Na Yau Da Kullum?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na tambayoyin kwamfuta. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato Linux, babbar manhajar kwamfuta da ake iya sawa a madadin Windows, har na fara zargin ko haɗa baki kuka yi. Dalilin dai ba ɓoyayye ba ne, tunda aka janye wa Windows 10 hannu mutane suka shiga waige-waige. Na ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da laftof da na saya tun 2016, Core i5 ce ram 4, har yanzu lafiyarta ƙalau wallahi ko maɓalli ɗaya bai fita ba, amma sai ta riƙa nuna min wai Windows 10 ta ƙare, na kai a sa min 11 aka ce ba za ta ɗauka ba. Wani abokina yace in sa Linux, ni kuma ban taɓa ganinta ba, abinda na sani kawai ta masu kutse ce. Aikina da ita bai wuce shiga intanet da kallo da rubuta takardu ba. Ya kake gani? Daga wani ma'aikacin ofis.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwamfutarka ba ƙarya ta yi maka ba, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma na masu amfani a gida iyakarsa Oktoban 2026. Ba wai kwamfutar mutuwa za ta yi ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, amma duk sabuwar ɓarakar da aka gano babu mai toshe maka ita, ga shi kuma da ita kake shiga imel da banki. Windows 11 ɗin kuma sharuɗɗa gare ta, tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma sai firosesa daga zubi na 8 zuwa sama, taka ta 2016 ba za ta wuce zubi na 6 ko na 7 ba, shi ya sa aka ce maka a'a. Akwai masu dabarar tsallake shingen su cusa ta da ƙarfin tsiya, ni dai a kan ram 4 ba zan ba ka wannan shawarar ba, jira kawai za ka sha.

Maganar ta masu kutse ce kuma, cire wannan daga ranka. In wayarka Android ce to kullum da Linux kake yawo a aljihu, don a kan ƙashin bayanta aka gina Android. Wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 lokacin yana Jami'ar Helsinki, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983, daga nan aka samu cikakkiyar babbar manhaja wadda kowa ke da damar ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. To saboda kowa na da wannan damar sai ya zamana ba Linux ɗaya ba ce, iri-iri ce, akwai Debian tun 1993, akwai Ubuntu da ta fito a 2004, akwai Fedora, akwai Mint, akwai wasu da ko sunansu ba ka buƙatar sani. A nan ne sabon shiga yake rikicewa ya kwana yana kallon bidiyon wacce ta fi wacce. Kada ka ɓata lokacinka, ɗauki Linux Mint. Dalilina shi ne fuskarta kusan irin wadda ka saba ce, menu a ƙasa ta hagu, agogo a ƙasa ta dama, folda tana buɗewa yadda ka sani, kuma tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubuta takardu a ciki. Mint 22 an gina ta ne a kan Ubuntu 24.04 kuma za a riƙa sabunta ta har 2029, kaga ka samu shekaru ba tare da wani ya ce maka sayi sabuwa ba. Mint ɗin tana zuwa da fuska iri-iri, tunda ram ɗinka 4 ne ka ɗauki wadda aka rubuta Xfce a jikinta, ta fi ta Cinnamon rashin nauyi, duk da ita ma Cinnamon ɗin za ta hau.

Abinda na fi so ka riƙe shi ne ba sai ka taɓa Windows ɗinka ba kafin ka gwada. Ka samu filash mai gig 8 wanda babu komai a ciki, don goge shi za a yi, ka sauke fayil ɗin Mint daga shafinsu na asali, wajen gig 3 ne, ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher ka rubuta shi a kan filash ɗin. Sai ka kashe kwamfutar ka kunna kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, a Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9, ka zaɓi filash ɗin. Mint za ta buɗe gaba ɗayanta daga filash, had dis ɗinka na nan ba a taɓa shi ba. A nan sai ka zauna ka yi mata jarrabawa da gaske, ka haɗa wayifai, ka kunna bidiyo ka ji ko sauti na fita, ka soka abin kunne, ka rage hasken sikirin ka ƙara, ka jona firinta in kana da ita, ka rufe murfin laftof ɗin ka bari minti biyu ka buɗe ka ga ko za ta farka. Wannan na rufe murfin mutane na mantawa da shi, sai bayan an gama instolin a zo ana kuka. Za ka ji ta ɗan yi nauyi, daga filash ɗin ne, kuma duk abinda ka ajiye a wannan gwajin yana ɓacewa da ka kashe. In ba ta yi maka ba ka zare filash ɗinka shikenan, kamar ba a yi ba.

Amma kada in yi maka romon baka. Linux ba ta ƙara ram. In ka buɗe shafi ashirin a burawza to ram 4 zai cika ko wace babbar manhaja ce a kai. In kana da hali ka mayar da ram ɗin 8, in kuma had dis ɗinka mai juyawa ne ka canja shi da SSD, wannan canjin shi kaɗai sai ka rantse wata kwamfutar aka ba ka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, ɗana ya sa min Ubuntu kuma gaskiya ina jin daɗinta ba ta tsayawa, matsalata ɗaya ce, in na rubuta takardar jarrabawa a LibreOffice na tura wa shugabarmu ta buɗe a Word sai komai ya hargitse, tebur ya tsallaka shafi na biyu, shafi 4 ya koma 5, har ta fara cewa ban iya aiki ba. Ina mafita?

AMSA: Malama barka kadai, kuma ba rashin iya aiki ba ne, yawancin wannan rigimar daga salon haruffa take, wanda ake ce wa font. Word ta daɗe tana amfani da Calibri da Cambria da Times New Roman, waɗannan kuma ba sa zuwa da Ubuntu saboda masu su ba su sake su kyauta ba. To ke kin rubuta da wani salon, kwamfutar shugabarku ba ta da shi sai ta musanya da nata, kowane harafi faɗinsa ya ɗan bambanta da ɗan kaɗan, layi ɗaya ba za ki lura ba amma a shafi 4 sai ɗan kaɗan ɗin ya taru ya ture tebur. Haka ma in ita ta turo miki takarda mai Calibri ke ba ki da shi.

Maganin shi ne akwai salon haruffa na kyauta da aka auna su daidai da faɗin na Microsoft, Carlito yana tsayawa a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans kuma a madadin Arial. Su Liberation yawanci suna nan tun farko, Carlito da Caladea ne za ki ce wa ɗanki ya saka miki, sunan ƙunshinsu fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea. Bayan nan in za ki fara takarda, a akwatin sunan font ki rubuta Times New Roman ko Calibri da hannunki ko da babu shi a jerin, LibreOffice za ta nuna miki da madadinsa, in ta isa wajen shugabarku kuma Word ta ga sunan da ta sani. Sai ki adana a matsayin docx, za ma ki iya saita shi ya zama shi ne na kullum don kada ki manta.

Abu na biyu kuma, ki yi haƙuri zan faɗa, da yawanmu da maɓallin sifes da Enter muke tsara takarda, a danna Enter sau goma don a tura rubutu sabon shafi. Wannan ko daga Word zuwa wata Word ɗin yana wargajewa. In kina son sabon shafi ki danna Ctrl da Enter tare. In kuma takardar bugawa kawai za a yi ba gyara ba, ki fitar da ita PDF, maɓallin na nan a sama, PDF yadda kika gan shi haka kowa zai gan shi.

Inda LibreOffice ke gazawa da gaske shi ne manyan fayilolin Excel masu makro da aka rubuta da VBA, da wasu PowerPoint masu yawan motsi. In kin haɗu da irin PowerPoint ɗin nan ki buɗe Office ta burawza da asusun Microsoft, tana aiki a Linux, sai dai tana buƙatar intanet kuma ba ta kunna makro na VBA. Ki kuma kwantar da hankalinki ba ke kaɗai ba ce, LibreOffice tun 2010 take, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar za ta mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kanta.

TAMBAYA: Yaya ni abinda ya ɗaure min kai shi ne abu kyauta haka kawai, su masu yin ta me suke ci? Kar dai bayananmu suke sayarwa. Sannan da gaske ne wai Linux ba ta kama bayiros? Daga ƙaninka ɗalibi.

AMSA: Ƙanena zarginka na kan hanya, don a intanet an saba in an ba ka abu kyauta to kai ne hajar. Nan dai lissafin daban ne. Kuɗin Linux ba a kan laftof ɗinka yake ba, yana wajen manyan kamfanoni masu dubban sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet da bayanai, da ke biya a kula musu da su. Canonical, kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu mai yin Ubuntu, da irin wannan hidimar yake samun kuɗi. Red Hat mai ɗaukar nauyin Fedora kuwa IBM ta saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34, kaga ba 'yan sa kai kaɗai ba ne a harkar. Debian 'yan sa kai ne ke tafiyar da ita, Mint kuma gudummawar masu amfani da ita ce ke riƙe da ita. Kuma tunda rubutun manhajar a buɗe yake, in wani ya cusa abin leƙen asiri zai yi wuya ya daɗe ba a tona shi ba.

Maganar bayiros kuma, masu cewa ba ta kamawa kwata-kwata sun zuzuta. Gaskiyar ita ce bayiros ɗin Windows, irin mai ɓoye maka folda a filash ya bar gajerun hanyoyi, ba ya aiki a Linux, har ma za ka ga fayil ɗinsa a zaune ka goge shi da hannunka. Sannan yawancin manhajoji daga rumbun da masu babbar manhajar ke tantancewa ake sauke su, ba daga shafin da ka tsinta ba, kuma ba abinda zai taɓa cikin tsarin sai ka sa fasuwod. Amma a Maris 2024 an gano wata ƙofar baya da wani ya ɓoye a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke da ita, mutumin ya ɗau shekaru yana taimakawa a aikin har aka yarda da shi. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft, abinda ya ja hankalinsa shi ne ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan, ya bi diddigi. An kama abin kafin ya shiga manyan fitowar da jama'a ke amfani da su, amma ka ga da ƙyar aka sha. Kuma shafin bogi da zai ce ka sa lambar katinka bai damu da wace babbar manhaja kake kai ba.

TAMBAYA: Oga ni zanen kati da fosta da tambari nake yi, CorelDRAW da Photoshop su ne abincina. Na ji ana ta yabon Linux ina son in koma. Za su hau?

AMSA: Maigida zauna inda kake. Babu CorelDRAW ta yanzu ta Linux, babu Photoshop, babu AutoCAD. Akwai wata manhaja Wine da ke ƙoƙarin kunna kayan Windows a Linux, wani lokacin tsohon zubi ya tashi, amma abinda kake ci da shi ba a dogara da wani lokacin, ranar da kwastoma ke tsaye a kanka ranar za ta ƙi buɗewa. Za a ce maka ai akwai Inkscape madadin Corel, akwai GIMP da Krita madadin Photoshop, akwai Scribus na tsara shafi, duk gaskiya ne kuma manhajoji ne masu kyau, ni kaina da Inkscape nake ƙananan zane-zanena. Sai dai hannunka ya saba da wasu maɓallan, fayilolinka na shekaru duk cdr ne da psd, buɗe su a can ba ya zuwa daidai ko da yaushe, kuma in za a kai aiki wajen bugu maganar launin CMYK za ta ba ka wahala fiye da yadda ka saba.

Abinda zan ce ka yi, dukkan waɗannan manhajojin suna da na Windows, ka saka Inkscape a kan Windows ɗinka ka yi ƙaramin aiki ɗaya da ita daga farko har ƙarshe. In ka yi wata biyu kana haka ba ka ji kewar Corel ba, to mu sake magana. Masu gem ma kusan amsarsu kenan, tun da kamfanin Valve mai Steam ya fito da Proton, manhajar kunna gem ɗin Windows a Linux, a 2018 gem da yawa na Steam suna tashi a Linux lafiya lau, amma irin su Fortnite da Valorant ba sa yi saboda tsarinsu na hana maguɗi.

TAMBAYA: Malam na sa Mint kusa da Windows a kwamfuta ɗaya ina zaɓar wadda nake so in na kunna. Abu biyu ke damuna, duk lokacin da na dawo Windows agogo ya canja, sannan a Mint ina ganin fayilolina na Windows amma ba na iya ajiye komai a wajen. Kuma matata ma tana so in yi mata irin haka a tata, me zan kiyaye?

AMSA: Ɗan'uwa duka biyun sanannun ciwo ne kuma maganinsu bai kai minti biyar ba. Agogon da ke cikin allon kwamfuta guda ɗaya ne, Linux tana ɗaukarsa a matsayin lokacin duniya na UTC sai ta ƙara ko ta rage gwargwadon yankinka, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin garinku kai tsaye, to kowa in ya hau sai ya gyara shi yadda ya fahimta ya ɓata wa ɗayan. Ka buɗe taminal a Mint, wato baƙin akwatin da ake rubuta umarni, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 ka danna Enter, ka shiga Windows ka saita agogon sau ɗaya, rigima ta ƙare.

Na biyun kuma laifin wani abu ne a Windows da ake kira Fast Startup. In ka ce mata ta mutu ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, ɗan barci take ta bar had dis ɗin a riƙe don ta tashi da wuri, Mint kuma in ta ga haka sai ta ƙi rubuta komai a wajen don kada ta lalata maka fayil, kaga ai kirki ta yi maka. Ka shiga Control Panel wajen saitin wuta, inda ake zaɓar abinda maɓallin kunnawa zai yi, ka cire alamar Fast Startup ɗin, ka kashe kwamfutar sosai sannan ka shiga Mint.

Yanzu maganar kwamfutar uwargida, nan ne zan ɗan tsaya, don ni abin ya taɓa ci na. Shekarun baya da dare ina sauri zan yi wa laftof ɗina irin wannan haɗin, na iso wajen da ake tambayar yadda za a raba dis, akwai zaɓin a saka ta kusa da Windows, akwai kuma wanda aka rubuta Erase disk, wato a share komai. Ido na ganin barci, na danna na biyun, gargaɗi ya fito na danna ci gaba ba tare da na karanta ba kamar yadda muka saba. Ko minti ɗaya ba a yi ba na gane abinda na aikata, na zare filash ɗin da sauri amma aikin gama ya gama, hotunan shekara uku da rubuce-rubucena sun tafi, na kwana biyu da wata manhajar tono fayil na samo wasu, duk sunayensu sun koma lambobi sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya. To ka ga ta uwargida ce, in hakan ta faru ba ni zan raba ku ba. Ka kwashe duk abinda take so zuwa wani dis na waje, ka buɗe wasu daga cikin fayilolin a can ka tabbatar sun kwafu da gaske, sannan ka zare shi ka ajiye nesa kafin ka fara. Ka duba ko BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan dis, a kunne yake, sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne mai ita bai ma sani ba, in yana kunne ka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 a asusun Microsoft ɗinta ka rubuta a takarda, don taɓa saitin tashi na iya sa Windows ta nemi shi. Wurin da za ka bai wa Mint kuma ka rage shi daga cikin Windows da kanta ta Disk Management, gig 50 zuwa sama. Da ka gama ka kunna Timeshift, tana zuwa da Mint, tana ɗaukar hoton tsarin ta yadda in sabuntawa ta ɓata wani abu za ka koma jiya. Amma fa tsarin take adanawa, ba hotuna da takardu ba.

TAMBAYA: Malam ni baƙin akwatin nan da ake rubuta umarni shi ke ba ni tsoro. Na gwada sau ɗaya ya ce in sa fasuwod, ina ta dannawa ba abinda ke fitowa, na ɗauka kibod ɗina ya lalace na rufe. Dole ne sai da shi? Daga wata 'yar'uwarku.

AMSA: 'Yar'uwa kibod ɗinki lafiyarsa ƙalau, kin ba ni dariya don kusan kowa sai da ya yi wannan. A taminal in ana sa fasuwod da gangan ba ya nuna komai a yawancin ire-iren Linux, ko tauraro, don kada na kusa da ke ya ƙirga yawan haruffan. Ki rubuta kawai ki danna Enter. Mint ce ma ta tausaya wa mutane take nuna taurari.

Dole kuma ba dole ba ne. Saka manhaja akwai shagonta da ake dannawa da maus kamar na waya, sabuntawa ma haka, wayifai da firinta da sauti duk suna da wajen saitinsu. Abinda ya sa kike ganin masu taimako na yawan ba da umarni shi ne ya fi sauƙi a ce miki kwafi layin nan da a ce shiga nan, danna can, gangara ƙasa, alhali fuskar Linux ɗinki ba lallai ta zama irin tasu ba. Abu ɗaya dai nake roƙonki, duk umarnin da ya fara da sudo yana nufin kin ba shi ikon yin komai a kwamfutar, kuma taminal ba ta da kwandon shara, abinda umarnin rm ya goge ya tafi. Kada ki kwafi layin da ba a yi miki bayanin aikinsa ba, musamman daga masu barkwanci.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ya ake rubuta haruffa masu ƙugiya a Linux? Na gaji da rubuta kasa a maimakon ƙasa.

AMSA: Allah ya ja zamaninka, wannan tambayar ta yi min daɗi. A saitin kibod in ka nemi ƙara harshe za ka samu tsarin Hausa a jerin, akwai na Nijeriya akwai na Gana, ka ƙara ka riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci, akwai ma hoton kibod ɗin da zai nuna maka inda kowane harafi yake. In kuma jefi-jefi kake buƙata, a yawancin manhajojin Ubuntu da Mint ka danna Ctrl da Shift da U tare, wani u mai layi a ƙasa zai fito, ka rubuta lambar harafin ka danna Enter. Ƙaramin ƙ lambarsa 199, babban 198, ɗ 257, babban 18a, ɓ 253, babban 181, ƴ kuma 1b4. Ni a 'yar takarda na rubuta su na manna a gefen sikirin har hannuna ya haddace. In harafin ya fito da wata kama daban da sauran rubutun to salon haruffan ne ba shi da shi, koma Noto Sans ko DejaVu Sans.

TAMBAYA: Malam na gama instolin komai ya yi amma wayifai babu shi kwata-kwata, ko alamarsa babu, kuma laftof ɗin ba ta da ramin waya ta intanet. An ce in sauke direba, to da wane intanet ɗin?

AMSA: Ɗan'uwa ka ga amfanin gwajin filash da na faɗa a sama. Mai yiwuwa katin wayifai ɗinka na Broadcom ne ko wani Realtek, direbansu ba ya zuwa a kunne. Ka ɗauko wayarka ta Android ka jona ta da kebul ɗin caji, mai ɗaukar data ba mai caji kaɗai ba, ka shiga saitin wayar wajen hotspot ka kunna USB tethering, Linux za ta gan ta nan take kamar an soka mata wayar intanet ba tare da wani direba ba. Daga nan a Mint ka buɗe Driver Manager, a Ubuntu kuma Additional Drivers, ka jira ta gama bincike, ka zaɓi wanda ta nuna maka ka saka ka sake kunna kwamfutar. Masu katin hoto na Nvidia ma a nan za su samu nasu. In ba ta nuna komai ba, ka buɗe taminal ka rubuta lspci, ka ɗauki hoton layin da ke ɗauke da kalmar Network ka turo min, sai na ga sunan katin zan san abinda zan ce maka.